Ku Mayar Da Jaririn Nan Ɗaka

Maganar da ake ta yi wa tafi a Instagram kwanakin nan, wai hoton jariri ba ya kyau sai an fitar da shi lambu kafin ya cika sati biyu, ba maganar da za a bari ta wuce haka ba ce. Masu ɗaukar hoto ne suka ƙago ta, sababbin iyaye suka yi caraf suka karɓa, har ta kai a wasu unguwannin Abuja da Kaduna da Kano ana kallon matar da ba ta yi irin wannan hoto ba kamar ta yi wa ɗanta rowa. Hujjarsu guda ce: a kwanakin farko barcin jariri yana da nauyi, jikinsa kuma laushi gare shi, ana naɗe shi yadda aka ga dama ba ya gardama. To ai hujjar ita ce laifin. Yaro bai iya kare kansa ba, sai aka ce dama ta samu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga yadda ake aikin ya san ba abin da hoton ke nunawa ke faruwa ba. Ana ajiye kwando a gindin mangwaro, a shimfiɗa masa tsumma mai gashi, a zagaye shi da furanni, rabi na roba rabi tsinkakku. A tuɓe jariri daga shi sai ɗan ƙyalle, a ɗaura masa hular saƙa mai kunnen zomo. Ya farka ya tsala kuka, a miƙa wa uwa ta ba shi nono a tsaye, a sake kwantar da shi. Wata tana kaɗa masa ƙuda da kwali, wani yana karkaɗe kiyashi daga gefen kwandon. Ita kuwa mai jego, wadda ɗinkinta bai warke ba, tana jingine da mota tana cije leɓe. Haka za a kwashe awa biyu ko uku ana jiran rana ta yi sanyi, domin hasken la'asar sakaliya suke nema. Duk wannan ba ya fitowa a hoto.

Abin takaicin shi ne masu kwaikwayon ba su ma san abin da suke kwaikwaya ba. Wadda ta yayata jariri cikin tukunyar fure a duniya ita ce Anne Geddes, 'yar Ostireliya da aka haifa a jihar Queensland a 1956. Littafinta mai suna Down in the Garden, wanda ya fito a 1996, ya shiga jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times, hotunanta kuma suka mamaye kalanda da katunan gaisuwa. Amma lambun nata a cikin ɗaki yake. A wancan lokacin, a ɗakin ɗaukar hotonta na birnin Auckland a ƙasar Niyu Zilan take haɗa tukwane da ganyaye da kayan ado, da mataimaka a kusa da iyaye a gefe. Matar da ta sa wa littafinta sunan lambu ta shigo da lambun ɗaka ne, mu kuma sai muka ɗauki ɗan kwana takwas muka kai shi kan ciyawa.

Haka ma shahararren hoton nan da ake ganin jariri ya yi tagumi da hannu bibbiyu kamar kwaɗo. Babu jaririn da wuyansa zai iya wannan. Ƙwararru hoto biyu suke ɗauka, a na farko babban mutum yana riƙe da kan, a na biyu yana riƙe da hannuwan, sannan a haɗa su a Photoshop a goge hannun babban. Wanda ya sayi kyamara jiya bai san haka ba, shi ne zai saki kan yaro yana ƙirga ɗaya, biyu. Idan haɓar jariri ta dannu a ƙirjinsa hanyar numfashinsa matsewa take yi, kuma ba lallai ya yi kukan da za a ankara ba.

Sai a ce ai iska mai daɗi ce, hasken Allah ne. Wace iskar? Ta watan Janairu, da ƙurar hunturu ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta rufe gari har manya na tari? Ko ta watan Afrilu, da zafin Kano ke haura digiri 40? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade ɗumin jikin jariri tsakanin digiri 36.5 da 37.5, tazarar digiri ɗaya tak. Jariri ba ya rawar ɗari kamar babba don ya ɗumama kansa, ba ya kuma iya gumi yadda zai sanyaya jiki, ga kai babba da ke zubar da zafi da sauri. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a bar yaron da bai kai wata shida ba a cikin rana kai tsaye, kuma kada a shafa wa wanda bai kai wata biyu ba maganin korar sauro. Ke nan wanda aka kwantar a kwandon ba shi da kariya ko ɗaya, a ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duk duniya, a wurin da ake yi wa ban ruwa safe da yamma, kuma a daidai lokacin da sauro ke fara fitowa.

Ga cibiya. Takan ɗauki sati ɗaya zuwa uku kafin ta faɗi ta bushe, shi ya sa asibiti ke ba uwa maganin shafawa a kanta. Ƙwayar cutar tetanus mai sarƙe haƙora a ƙasa take zama da cikin kashin dabbobi, kuma kowa ya san da me ake takin lambu a garuruwanmu. Allurar da ke kare yaro daga tarin shiƙa sai ya yi sati shida ake fara ta. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin kowane dubu ba sa ƙetare watan farko, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na irin wannan rashi a satin farko yake aukuwa. Waɗannan kwanakin ne fa aka ware wa kyamara.

Masu cewa ai an yi wa ɗari babu abin da ya same su, ba sa buƙatar amsa. Babu wanda ke ɗora hoton yaron da aka kwana da shi a asibiti.

Gaskiyar magana, wannan ciwon ba a kan jariri ya fara ba. Tun ranar da hoton kafin aure ya zama kamar sharaɗi, aka ƙara liyafar amarya, aka ƙara dina, aka ƙara anko kala uku, har aka kai ga mace ta fito da cikinta a ɗauka, an san inda aka dosa. Mai wannan shafi ya daɗe yana faɗa, ana ce masa ɗan ƙauye. Mutanen da suka cinye aure ne yanzu suka biyo abin da auren ya haifa. Magidanci ya sayi ragon suna da kyar, ga kuɗin asibiti, ga itacen wankan jego, sannan a ce masa saura kuɗin lambu da mai kwalliya da mai hoto, in ya yi shiru a ce ba ya murna da ɗansa. Kuma irin mutanen nan ne suka shekara suna kiran duk abin da kakanni suka ce canfi. An yarda, likitoci sun yi gaskiya a kan yawan kanwa a kunu da kwanciya a gadon wuta, binciken da aka yi a Zariya tun shekarun 1970 ya danganta su da ciwon zuciyar masu jego. Amma zaman ɗaka har a yi arba'in fa? Tsohuwar da ke cewa a rufa wa yaro kai, kada a fita da shi da almuru, kada kowa da kowa ya ɗauke shi, me ta faɗa da ya saɓa wa abin da likitan yara ke faɗa yau? An yi watsi da ita tun kafin a tsaya a tantance maganarta.

Ba wanda ya hana hoto. Tun zamanin da mai hoto ke zuwa gidan suna da keke ake ɗaukar jariri a cinyar kakarsa, cikin zane, a tsakar ɗaki, kuma waɗannan hotunan suna nan a akwatunan gidaje ana kallonsu ana tuna wanda ya rasu da wanda ya girma. Mai son fure ya shigo da shi ɗaki kamar yadda Geddes ta yi, ya buɗe taga haske ya shigo, ya wanke hannu, ya bar yaron da kayansa a jikin uwarsa. Mai son lambu kuwa ya jira yaron ya yi wata shida, ya iya zama, ya karɓi alluransa, ya san fuskar wadda ke tsaye a bayan mai kyamarar tana kiran sunansa.