Ruwa ya ci gona, mun ji. Buhunan tallafin fa, wa ya ci?

Maganganu biyu nake ji a bakin 'yan'uwana Kirista a nan ƙasar Hadejia duk shekarar da kogi ya cika, kuma dukansu a juye suke. Ta farko: ambaliya hukuncin Allah ce saboda zunubanmu. Ta biyu sai ruwa ya janye ake yin ta, an fara rabon tallafi, an kama wani dumu-dumu: wai sharrin Shaiɗan ne, jarraba ce ta fi ƙarfinsa. Wato abin da ba mutum ya jawo ba mun ɗora masa, wanda ya aikata da hannunsa kuma mun sauke masa.

Ta farkon ba sai na daɗe a kanta ba. Duk wanda ya zauna a Auyo, Kafin Hausa, Guri ko Kiri Kasamma ya san inda ruwan nan yake fitowa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya tafiyar kogin, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, sai kuma a samu damina mai ƙarfi irin ta 2020 da 2022. Manomin da shinkafarsa ta nutse a fadama bai fi na kan tudu zunubi ba. A Luka sura 13 Yesu da kansa ya kawo zancen mutum 18 da hasumiya ta faɗo wa a Siluwam, ya kuma ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Mai wa'azin da zai tsaya gaban wanda ɗakinsa ya rushe yana lissafa masa zunubi, aikin abokan Ayuba yake yi, kuma mun san Allah bai yaba musu ba.

Ta biyun ce take ci mini tuwo a ƙwarya.

Harshenmu ma ya ba mu wurin ɓuya. Mukan ce jarrabawa, mukan ce jarraba, mu cakuɗa su yadda ya yi mana daɗi. A Helenancin da aka rubuta Sabon Alkawari ma tushen kalma ɗaya ne, shi ya sa Yakubu ya raba su a sura ta farko ta wasiƙarsa. Gwaji daga waje yake zuwa, ana jimre masa. Amma daga aya 13 zuwa 15 ya hana kowa ya ce Allah ne ya jarabce shi da mugunta, ya ce sha'awar mutum ce take jansa, ta ɗauki ciki, ta haifi zunubi. Ku lura, a wurin nan ko sunan Shaiɗan bai kira ba. Ba na musun akwai shi. Amma abokaina Musulmi da ke karanta wannan sun san a Suratu Ibrahim aya 22 shi kansa zai ce kira kawai ya yi aka amsa masa, kowa ya zargi kansa.

Na kusa shekara ashirin ina aikin gwamnati, na san yadda ake rubuta jerin sunayen masu karɓar tallafi, a ofis ne ko a kwamitin ikilisiya. Karkatar da buhu ba tuntuɓe ba ne da mutum zai ce bai ankara ba. Sai ka zauna ka ɗauki biro. Sai ka cire sunan gwauruwar da ba ta da mai yi mata magana, ka sa na ƙanin matarka da ke zaune a Kano. Sai ka nemo mai kurkura da dare, ka juye shinkafar a wani buhu don kada a ga tambari, ka yi ciniki da ɗan kasuwa. Aikin kwana uku ko huɗu ne, da barci a tsakani, wani lokacin har da sujadar Lahadi. Bulus ya gaya wa Korantiyawa, a wasiƙa ta farko 10:13, cewa ba a barin mutum cikin gwaji ba tare da mafita ba. To a wannan tafiyar ƙofa nawa ka wuce a buɗe? Haba ɗan'uwa.

Na san amsar da za a ba ni a ƙasa: Malam, ba ka san halin da ake ciki ba? Na sani, albashi nake ɗauka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin wata ba ya kai tsakiyar wata. Karin Magana 6:30 da 31 ma ta tausaya wa wanda yunwa ta sa ya yi sata, amma ba ta ce ba sata ba ce, ta ce zai biya. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya: mai yunwar gaske ba shi ke riƙe da makullin sito ba. Yana can cikin ajin firamare da tabarma da 'ya'ya biyar, yana jira a kira sunansa. Gehazi da ya bi Na'aman a guje ya karɓo azurfa da tufafi, ba yunwa ce ta kore shi ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda muke rufe maganar. Mutum ya fito gaban jama'a ya yi hawaye, ya ce maƙiyi ne ya rinjaye shi, a ɗora masa hannu, a tsauta wa Iblis, a rera waƙa, shi ke nan. Iblis ya sha zagi, buhu bai dawo ba. Wannan tsohuwar dabara ce, tun daga gonar Adnin: Adamu ya nuna matar, matar ta nuna maciji. Zakka kuwa, a Luka 19, da ya tuba bai kawo sunan kowa ba, lissafi ya yi: rabin dukiyarsa ga matalauta, ninki huɗu ga wanda ya cuta.

Don haka fastocinmu da dattawa, ga roƙona kafin kogi ya sake cika. Duk kayan da suka shigo da sunan masu ambaliya, a rubuta yawansu da sunayen waɗanda suka karɓa, a manna a bangon majami'a inda kowa zai karanta. Wanda aka samu ya karkatar, a yi masa addu'a, ban hana ba, amma a tambaye shi buhu nawa ne da ranar da zai kawo su, kuma a ajiye masa kujerar kwamiti har sai gwauruwar ta ce nata ya iso.