Motocin Littattafanmu Ba Su da Inji

Wannan makon da kanmu za mu yi.

A littattafanmu mota ba ta da aiki sai kai Alhaji zance: dalleliya, baƙin gilashi, shi ke nan. Mu cika shafi da ƙamshin turarensa, bonet kuwa ba mu taɓa buɗewa ba.

Alhali ga labari a ƙofar gida. A ce saurayi a Sabon Birni ya sayar da gyaɗarsa, ya sayo tsohon inji a Ƙofar Ruwa, zai ɗora a ƙwarangwal ɗin wata motar daban. Ramukan ba su dace ba. Sai ya rataye injin da sarƙa, ya auna, ya yanko ƙarfe, ya ɗan ɗiga walda, ya gwada, ya fasa, ya sake. Kujerar inji ta karkace kaɗan, giyabos da farfela sun saɓa layi, mota ta kama karkarwa, kuros ya cinye, kuɗin gyaɗa sun tafi. In bai sa roba tsakanin ƙarfe da ƙarfe ba, waldar ce za ta tsage.

A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin Honda Civic. Jaridun duniya suka ɗauka, mu muna can muna haɗa kishiyoyi faɗa.

Za a ce soyayya masu karatu ke so. To, mai walda ba ya soyayya ne? Ƙyuya ce kawai ta hana mu yini a gareji a Gwarzo muna tambaya. Wanda ya musa, ya faɗo mana sunan ƙarfe uku da ke ƙarƙashin motar jarumin littafinsa.