Kiwon Murjani a Gida: A Tsuke Hannu Wajen Ciyarwa

Ya kai mai karatu, wataƙila ka san murjani a matsayin dutsen ado. Ka gan shi a wuyan amarya, ko a jikin Oba na Benin ranar biki. To, ka sani cewa murjani dabba ce mai rai, kuma a teku yake zaune. Yana da baki da ciki, da ƙananan hannuwa masu kama da zare kewaye da bakin. Dubban irin waɗannan halittu ne suke haɗuwa wuri ɗaya, su gina ƙashi mai tauri, dangin alli.

A Amurka da Turai da Japan akwai masu kiwon murjani a cikin gidajensu. Sukan sa shi a akwatin gilashi mai cike da ruwan gishiri, su ɗora masa fitila mai ƙarfi. Sau da yawa sukan yi gardama a kan abu ɗaya: a ba shi abinci ko kada a ba shi? A ganina ya kamata a ba shi, amma a tsuke hannu ƙwarai.

Ga dalili. A cikin jikin nau'o'in murjani da dama akwai wasu tsirrai 'yan mitsi-mitsi, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya iya gani. Su ne suke amfani da haske su haɗa sukari, su ba murjani. Shi kuma ya ba su mafaka, ƙazantar jikinsa ta zama takinsu. Daga nan nau'o'i da yawa suke samun mafi yawan abincinsu. Saboda haka wanda ya tanadi haske mai kyau ya riga ya yi babban aikin ciyarwa tun kafin ya buɗe kwalbar abinci.

Duk da haka, sukari kaɗai ba ya gina jiki. A teku, idan dare ya yi, murjani yakan miƙa hannuwansa ya kama ƙananan halittun da ruwa yake kawowa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa a bar shi da haske kawai ba. Masu kiwo da yawa sukan ba shi ƙananan jatan lande ko garin abinci na musamman, sau ɗaya ko sau biyu a mako. Sukan kashe injin motsa ruwa na ɗan lokaci, su ɗiga abincin kusa da bakinsa da sirinji.

Amma a nan haɗarin yake. Mutum yana jin daɗin ganin dabba tana ci, sai ya ƙara, gobe ya sake ƙarawa. Teku tana da faɗi, igiyar ruwa tana kwashe abin da ya rage. Akwati mai lita 200 kuwa ba shi da inda zai kai shara. Ragowar abinci takan ruɓe, ta cika ruwa da sinadaran da gansakuka take so. Sai gansakuka ta yaɗu, ta lulluɓe murjani, ta tare masa haske. Mai gida yana zaton alheri yake yi, alhali da hannunsa yake kashe abin da yake ƙauna.

Akwai nau'o'in da wannan doka ba ta hau kansu ba. Wanda ake kira murjanin rana, misali, a inuwar kogunan dutse na ƙarƙashin ruwa yake zama, kuma ba shi da tsirran nan a jikinsa. Dole a ciyar da shi a kai a kai. Haka ma jan murjanin Bahar Rum, wanda ake yin ado da shi, da farauta kaɗai yake rayuwa. Don haka ka san irin wanda kake da shi tukuna.

Sannan abinci ba ya gyara ruwan da ya lalace. Murjani yana bukatar gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, da ɗumin da bai yi nisa da digiri 25 ba. Idan zafi ya yi yawa, yakan kori tsirran jikinsa, ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Haka ya faru a 2016 da 2017 a babban jerin murjani na Ostireliya, mai tsawon kilomita 2,300.

Idan kana Legas ko Fatakwal, kuma wannan kiwo ya ba ka sha'awa, fara tunanin wutar lantarki kafin na abinci. In aka ɗauke wuta na awoyi da yawa, fitila ta mutu, injin motsa ruwa ya tsaya, iskar shaƙa takan ragu a cikin akwatin. Wanda ba shi da batir ko sola, gara ya haƙura. In kuwa kana da su, nemi reshen murjanin da aka raina a wurin kiwo, kada ka sayi wanda aka ɓalle daga teku.