Ra'ayinmu: Aikin da ido ba ya gani

Duk wanda ya daɗe bai zo Maraɗi ba, in ya shigo yau zai tarar gari ya sake kama. Kwalta ta ƙaru, benaye sun tashi, unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo sun miƙe har inda dā gonakin hatsi ne. Ƙidayar 1988 ta sami mutum wajen 110,000 a birnin, ta 2012 kuwa ta sami fiye da 267,000. Ba mu raina wannan ci gaba ba. Amma mun lura mahukuntanmu, na farin kaya da masu kaki, sun fi ƙaunar aikin da ake yanke wa ƙyalle a gaban kyamara. Aikin da ke ƙarƙashin ƙasa, wato awon ruwa da gyaran injin da yashe magudana, shi ne maraya.

Wanda yake ganin wannan magana ce ta ƴan jarida, to ya je Tibiri, ba ta da nisa. A 1985 aka fara shayar da garin daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwan garai yake, ba wari, ba launi. Shekaru suka shuɗe, yaran da suka tashi da shi haƙoransu suka rine, ƙafafunsu suka lanƙwashe, wasu har tafiya ta gagare su. Da aka auna, sai aka tarar sinadarin fulor da ke cikin ruwan ya ninka fiye da sau uku abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, wato miligiram 1.5 a kowace lita. Fulor kaɗan yana ƙarfafa haƙori. In ya yi yawa sai ya taru a ƙashin yaro mai girma ya ɓata shi har abada. Fiye da shekara goma ana sha ana biya. Sai da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH ta tashi tsaye, ta fitar da rahoto tare da FIDH a 2002, sannan duniya ta ji. Ɗaruruwan yaran da suka naƙasa yau manya ne, kuma suna nan tare da mu. Abin takaicin shi ne, awon da zai tsare su kuɗinsa bai kai na liyafar buɗe rijiya guda ba.

Tun daga lokacin ruwan birane ya yi ta sauya hannu. Kamfanin SNE ya wuce. A 2001 aka raba aikin biyu, SPEN ta riƙe kadarori, SEEN ta riƙe rabawa da karɓar kuɗi da hannun kamfanin Faransa a ciki, sannan a farkon 2024 NDE ta gaji SEEN, aiki ya dawo hannun ƙasa. Mun yi maraba da hakan. Sai dai takardar da ake kawo wa mai gida tana gaya masa abin da zai biya ne kawai, ba ta gaya masa abin da iyalinsa suka sha.

Ruwan nan kuma ba ya hawa shato da ƙafarsa, lantarki ke tura shi. Tun 1994 babbar hanyar wutar Maraɗi ita ce layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Ya yi mana rana, domin ya fi injin gazuwal arha nesa ba kusa ba, amma mun ga iyakarsa a watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta katse wuta saboda takunkumin CEDEAO, ba ta mayar ba sai a watan Maris 2024. Mai injin niƙa da mai walda da mai ƙanƙara sun san abin da suka yi asara. Manoman Jiratawa su ma sun sani. Fili ne na kimanin hekta 500 da ake nomawa tun farkon shekarun 1980, kuma ruwansa daga rijiyoyi yake fitowa da injina masu aiki da wuta. In wuta ta ɗauke kwana uku a tsakiyar bazara, zogale da barkono ba su san takunkumi ba, bushewa suke yi. Gulbi kuwa, tun da aka datse shi a Jibiya, ba abin dogaro ba ne da rani.

Ba mu ce a yanke zumunta da Katsina ba. Wanda ya faɗi haka bai san Maraɗi ba. Abin da muke cewa shi ne, rijiyoyin da ke shayar da birni da masu ban ruwan Jiratawa su sami wutarsu ta kansu. Rana ba ta yi mana rowa ba, kuma tashar Malbaza mai megawat 7 tana aiki da ita tun 2018.

Maganar magudanai ba ta bukatar dogon bayani. Ambaliyar 1945 ce ta kori Maraɗi da Tibiri daga fadama zuwa tudu. A ƙarshen Agusta 2024 ruwan sama na yini guda ya kashe aƙalla mutum 15 a cikin birnin, a kan tudun nan da aka gudo. Ruwa ba ya manta hanyarsa, mu ne muka raba ta filaye.

A nan kowa yana da nasa kaso. Ɗan kasuwar da ya gina shago a bakin magudana ya san abin da ya yi, ma'aikacin da ya sa hannu a takardar filin shi ma ya sani. Ofishin gwamnati da ya tara bashin ruwa da wuta, alhali ana yanke wa talaka kan wata biyu, ba shi da bakin yi wa kowa wa'azi.

A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun garuruwa da jama'a suka zaɓa, aka naɗa masu riƙo. Nauyin ya koma wuyansu, su da gwamna. Muna roƙonsu abu mai sauƙi da ba ya jiran tallafin waje: a riƙa auna ruwan kowace rijiya ta Maraɗi da Tibiri da Jiratawa kowane wata uku, a manna sakamakon a ƙofar ofishin magajin gari, a karanta shi da Hausa a rediyo, da sunan rijiyar da sunan wanda ya sa hannu. Wannan jarida za ta buga shi kyauta a shafinta na biyu.