Ruwa Ko Ƙura: Wace Kyamara Ta Dace Da Mutumin Miri?

Duk shekara idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, kuɗi suka ɗan shiga hannun jama'a, akan sami samari da magidanta masu niyyar sayen kyamara. Wani yana so ya kama sana'ar ɗaukar hoto a gidajen biki da suna, wani malamin makaranta ne mai kai ɗalibai yawon buɗe ido, wani kuwa malamin gona ne wanda ofis ke bukatar ya kawo shaidar abin da ya gani a ƙauyuka. A Miri, wadda ke bakin hanyar Jos ta yammacin birnin Bauci, ba a rasa irin waɗannan mutane. To, idan ɗayansu ya shiga kanti, ko ya aika da kuɗinsa Kano ko Ikko a sayo masa, akan ɗora masa zaɓi tsakanin iri biyu. Akwai ƙaramar kyamarar aljihu wadda aka saba gani, mai fito da ido waje idan an kunna ta, akwai kuma wadda aka rufe ruf don shiga ruwa.

Wannan zaɓi yana da nauyi a yau fiye da yadda yake da shi shekaru goma sha biyar da suka wuce. Na farko dai duk kyamarorin daga ƙetare ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 1ekarar da ake kira 2023 kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo. Na biyu, kasuwar kanta ta tsuke. Ƙungiyar masu ƙera kyamara ta ƙasar Japan ta ba da lissafin cewa a 2010 kamfanoninta sun fitar da kyamarori na zamani wajen miliyan 121, amma a 2023 abin da suka fitar bai kai miliyan 8 ba, domin wayar hannu ta ƙwace musu ciniki. Da yake ciniki ya ja baya, kayan gyara sun yi wuya, masu gyaran ma da yawa sun koma gyaran waya. Watau ke nan, wanda kyamararsa ta lalace a Miri, sau da yawa ya yi ban kwana da ita ke nan, tare da kuɗin gumin da ya zuba.

Tambayar da mai kanti kan yi wa mai saye ita ce, "Malam, za ka shiga ruwa da ita ne?" Mai saye sai ya yi shiru ya duba. Jihar Bauci ba ta da teku. Ruwan da ya sani bai wuce madatsar Gubi da ke shayar da birni ba, da kogin Gongola da ake tsallakewa a Dindima, sai kuwa marmaron Wikki na Yankari, wanda in ya yi sa'a ya je sau ɗaya a shekara. Daga nan sai ya yanke shawara cewa sayen kyamarar ruwa almubazzaranci ne. Alhali kuwa tambayar ce aka yi ta a karkace, domin abin da ke kashe kyamara a wannan yanki ƙura ce.

Ga yadda abin yake. Kyamarar aljihu da aka saba gani tana da ido mai gaɓoɓi, wanda ke zarowa waje ya koma ciki kamar ƙahon dodon koɗi. Duk sa'ad da idon ya fito, sai iska ta shiga ta cike gurbin da ya bari, idan ya koma kuma ta fita. Iskar nan ba ita kaɗai take shiga ba. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura mai laushi kamar garin tuwo daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta zube ta a kan ƙasar Hausa baki ɗaya. A haɗa da ƙurar hanyoyin unguwa marasa kwalta, da ta babura, da ta dawakin hawan salla. Idan ƙwaya ɗaya ta sauka a kan ɗan faifan da ke kama haske a cikin kyamara, to kowane hoto zai fito da ɗigon tabo a wuri guda, musamman hoton da ya ɗauko sararin sama. Da yake idon irin wannan kyamara ba ya cirewa, ba yadda za a goge tabon sai an kwance ta gaba ɗaya. Idan kuwa yashi ne ya shiga tsakanin ƙananan haƙoran da ke tura idon, sai ya cije a waje, ya ƙi shiga ya ƙi fita, kyamara ta ƙi aiki.

Ita kuwa kyamarar ruwa asalinta daga masu nutso a teku ne. Wani injiniya mai suna Jean de Wouters ne ya tsara wata da ake kira Calypso domin kamfanin da ke ƙera wa Jacques Cousteau, shahararren mai binciken teku na Faransa, kayan nutso. Kamfanin Nikon ya karɓi fasalin ya fito da ita da sunan Nikonos a 1963. Jikokinta na yau ƙanana ne masu shiga aljihu, amma dabarar ɗaya ce. Idon yana motsi ne a can cikin jiki, bayan wata 'yar taga ta gilashi wadda ba ta buɗewa, sa'an nan kowace ƙofa, ta batir da ta katin ajiya, an kewaye bakinta da roba mai toshe kafa. Ƙofar da ta hana ruwa shiga kuwa, ko shakka babu ta hana ƙura.

Akwai ma'auni na duniya da ake rubutawa a jikin kwali, haruffa biyu IP da lambobi biyu a bayansu. Lamba ta farko ta ƙura ce, kuma 6 ita ce ƙololuwa, ma'ana ƙura ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce, 8 kuwa na nufin ana iya tsoma ta ta daɗe a ciki. Mutumin Miri lambar farko ya kamata ya fara dubawa. Alal misali, kyamarar Tough TG-7, wadda ta fito a 2023 daga kamfanin da ya gaji sashen kyamarori na Olympus, an yi ta ne ta jure zurfin ruwa na mita 15, da faɗuwa daga tsayin mita 2.1, da danniyar nauyin kilo 100, kuma tana da wannan lamba ta 6. Ga mai yawo a kan babur, wanda damina kan rutsa shi a hanya a watan Agusta, hunturu kuma ya bulbule shi a Janairu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma fa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da yake idon kyamarar ruwa a tsare yake cikin jiki, ba shi da filin miƙewa, saboda haka ba ya iya jawo abu mai nisa. TG-7 ninki 4 kawai take jawowa, takwarorinta na wasu kamfanoni kuma galibi ninki 5. Kyamarar aljihu irin Canon PowerShot SX740 HS ta 2018 kuwa tana jawowa har ninki 40. Wanda ya tsaya cikin cunkoson jama'a a ƙofar fadar Sarkin Bauci ranar hawan salla yana son fuskar mahayi da adon dokinsa, zai ga bambancin nan da idonsa.

A Yankari ne wannan ciniki ya fi fitowa fili. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a watan Disamba na 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauci a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma daga Bauci zuwa masaukin Wikki tafiya ce ta fiye da kilomita 100. Lokacin da aka fi ganin namun daji shi ne rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, giwaye da ɓauna da gwanki suka dawo shan ruwa a kogin Gaji. Giwa ba a matsa mata, daga nesa ake ɗaukarta, don haka ana bukatar dogon ido. Sai dai lokacin nan shi ne kuma na ƙura, motar da ke zagayawa da baƙi tana tayar da ita, ga shi kyamara mai dogon ido ita ce ta fi zuƙarta. Da an dawo masauki aka gangara Wikki kuma sai reshe ya juye da mujiya. Ruwan garau yake har ana hango yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, yara suna ta iyo. Nan mai kyamarar ruwa zai shiga tsakiyarsu ya ɗauki abin da yake so, mai ɗaya kuwa sai ya tsaya a gaɓa yana kāre tasa daga fantsama. Taura biyu dai ba ta taunuwa.

Akwai kuma maganar duhu. Faifan kama haske na kyamarorin ruwa ƙarami ne, faɗinsa bai wuce milimita 6 da 'yan kai ba. Masu dogon ido ma irin wannan ƙaramin faifai suke da shi. Amma akwai wani jinsi na kyamarar aljihu mai tsada, wanda Sony ta fara da RX100 a 2012, mai faifan da ya ninka wancan girma wajen sau huɗu. Irin wannan shi ya fi dacewa da ɗakin amarya da zauren walima da taron dare, inda haske ya yi ƙaranci. Wanda zai ci abinci da hoton biki, wannan jinsi ne nasa, in dai aljihunsa zai ɗauka.

Kafin a fitar da kuɗi, ya kamata mai saye ya tuna da wayar da ke aljihunsa. Wayoyin zamani sun riga sun iya ɗaukar hoton zaure da na tsakar gida da na takarda, har wasu suna yin abin kirki da dare. Abu biyu ne suka rage inda kyamara ta fi matsakaiciyar waya nesa ba kusa ba, watau jawo abu mai nisa, da shiga wahala ba tare da fargaba ba. Gaskiya ne wasu wayoyi masu tsada suna ɗauke da lambar IP68, amma manyan kamfanoninsu sun faɗa a fili cewa lamunin da suke bayarwa bai haɗa da ɓarnar ruwa ba. Ba mai hankalin da zai tsoma wayar da ke riƙe da asusun bankinsa da lambobin abokan cinikinsa a cikin kogi don neman hoto. Saboda haka kyamarar da ta cancanci saye ita ce mai yin aikin da waya ta kasa.

Ga gargaɗi ga masu sayen ta hannu, waɗanda su ne mafi yawa a wannan zamani na tsada. Robar da ke toshe ƙofofin kyamarar ruwa tana tsufa, zafin rana kuma yana busar da ita ta tsattsage. Kamfanin Olympus ya kasance yana ba da shawara a littafin bayaninsa cewa a sake robar nan kowace shekara. Kyamarar da ta yi shekara shida a hannun wani, ba a san irin faɗuwar da ta sha ba, tana iya ci gaba da hana ƙura shiga, amma kada a amince mata da nutso. Ko sabuwa ce ma, gashi ɗaya ko ƙwayar yashi da ta maƙale a bakin ƙofa ta isa ta buɗe wa ruwa hanya. A duba bakin a goge kafin a rufe, kada a buɗe da jiƙaƙƙen hannu, a ɗauraye ta da ruwa mai tsabta bayan an fito. A kuma ɗaura mata igiya mai tasowa saman ruwa, domin nitsewa take yi kamar dutse. Mai sayen ta aljihu ta hannu shi kuma ya kunna ya kashe sau da yawa yana sauraron ko idon yana ƙara ko yana cijewa, sa'an nan ya jawo idon ƙarshe ya ɗauki farin bango ko sararin sama, ya duba hoton da kyau. In akwai ƙura a ciki, nan za ta tona kanta.

Wanda ya zaɓi ta aljihu bai yi kuskure ba, muddin ya san ya ɗauki reno. Jakarta mai zif ita ce ɗakinta, ba aljihun riga ba, domin zaren tufafi ma yana shiga. Ba a kunna ta a kan babur ko a bayan mota mai gudu. Ba a goge gilashinta da bakin riga alhali ƙura na kai, sai an fara hure ta, in ba haka ba gilashin ya karce. Da damina kuma a ajiye ta inda ba laima, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, saboda fumfuna tana iya tsirowa a cikin ido. Rigakafi dai ya fi magani, balle inda maganin ya yi wuyar samu.

To, abin da ya rage ga mai saye shi ne ya zauna ya lissafa inda kyamarar za ta kwana ta tashi cikin wata goma sha biyu na shekara, kada ranar yawon Yankari ɗaya tak ta yanke masa hukunci. Malamin gona da ma'aikacin lafiya mai zagaya ƙauyuka da magini da ɗan kiwon kifi da gidan da yara za su riƙa karɓa suna wasa da ita, duk kyamarar ruwa ta fi musu, ko da ba za su taɓa tsoma ta a kogi ba. Mai son giwaye da dawakin salla ya nemi mai dogon ido ya tanadar mata jaka. Mai hoton biki ya nemi mai babban faifai. Wanda kuwa ya duba ya ga wayarsa tana biya masa bukata, ya riƙe kuɗinsa ya sayi taki, domin damina ba ta jiran kowa.