Ragowar Makamashin Nukiliya: A Mayar wa Mai Shi Ya Fi Araha

Daga Mayo Bani, Mubi

Tun daga 2017, lokacin da Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha kan gina tashoshin lantarki na nukiliya, ana ta maganar kuɗin gini, amma ba a cika tambayar inda ragowar makamashin za ta ba, bayan an gama ƙona shi.

Masu goyon bayan a sake sarrafa ragowar suna da hujja. Kimanin kashi 96 cikin ɗari nata yuraniyom ne da fulutoniyom, waɗanda sababbin na'urori za su iya sake ƙonawa. Faransa ta daɗe tana wannan aiki a masana'antarta ta La Hague, kuma a Mayun 2025 gwamnatin Amurka ta umarci a sake duba batun, wanda Shugaba Carter ya jingine a 1977.

Sai dai ɗan kasuwa lissafi yake yi. Japan ta fara gina masana'antar Rokkasho a 1993, aka shafe shekara 30 ba ta fara aiki ba. Ingila ta rufe tata ta THORP a 2018. Abin da ya yi wa waɗannan ƙasashe nauyi, ina ga mu da ba mu da ko tasha ɗaya? Duk kuɗin da aka narka a irin wannan, a ƙarshe kan mai biyan kuɗin wuta zai faɗa, har da mai injin niƙa a nan Mayo Bani da mai walda a kasuwar Mubi.

Darasin yana Zariya. Ƙaramar na'urar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki a 2004, kuma da aka sauya mata makamashi a 2018, an kwashe tsohon an mayar da shi Sin, inda ya fito. Bangaladash ma ta sami irin wannan alkawari daga Rasha a 2017.

Don haka, a ganinmu, kada Gwamnatin Tarayya ta sa hannu kan kwangilar gini sai an rubuta cewa wanda ya sayar da makamashi shi zai kwashe ragowarsa, an kuma fayyace farashin kwashewar. Sannan a kafa asusu, a riƙa ware masa kaso daga kuɗin wutar da tashar ta sayar tun ranar farko. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.