Kafin Mu Ɗora Shi A Motar Arewa



Akwai wata al'ada da muka daɗe da ita a nan Kudu. Da zarar yaronmu ya fara surutu shi kaɗai, ko ya ce ana bin sa za a kashe shi, sai a yi karo-karo a ɗora shi a tirelar da ta sauke albasa, a ce a kai shi gida a nema masa magani. Niyyar mai kyau ce. Amma a ganinmu sau da yawa cutarsa muke yi.

Cikin cututtukan da muke haɗa su duka mu kira hauka, akwai wanda likitoci ke kira sikizofiriniya. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mutum 1 cikin 300. Ya fi bayyana ga namiji daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da 'yan kai, wato daidai shekarun yaran da ke zuwa mana cirani, masu acaba da 'yan dako. Ga mata yakan ɗan jinkirta.

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Akwai wani sinadari a cikinta mai suna dofamin, wanda ke taimaka wa mutum ya gane abin da ya cancanci ya mai da hankali a kai. Idan aikinsa ya yi yawa a wani sashe, sai komai ya zama da ma'ana. Mutum biyu na dariya a teburin mai shayi, da shi suke. Rediyo na karanta labarai, saƙo ake aiko masa. Muryoyin kuwa, ai dukkanmu muna zancen zuci, kuma mun san namu ne. Shi mai ciwon sai ya ji zancen kamar daga waje yake zuwa, har hoton ƙwaƙwalwa ya nuna sashen ji yana aiki a lokacin. Ba ƙarya yake ba in ya ce ya ji. To dukan me za a yi masa?

Alamomin da suka fi wuce mu su ne na shiru. Yaro mai hazaƙa ya daina fita aiki, ya daina wanka, ya ƙaurace wa majalisa, fuskarsa ba farin ciki ba baƙin ciki. Sai mu ce lalaci ne ko girman kai, alhali wata da watanni ciwon na cin sa. Gado na da hannu a ciki, wiwi ma na ƙara haɗarin, amma da yawa ba su taɓa shan ko taba ba.

Ba mu ce a bar addu'a ko ruƙiyya ba. A yi, a haɗa da asibiti. Abin da muke ƙi shi ne mari da bulala da jinkiri, domin iya daɗewar ciwon ba magani, iya wuyar dawowar mutum daidai. Kuma asibitin na kusa da mu: akwai na Yaba a Legas, na Aro a Abeokuta, na Uselu a Benin. Ana ba da ƙwaya, ana kuma yin allura ta wata-wata ga wanda ba ya jure shan magani kullum. Maganin kan sa barci ko ƙiba ko sandarewar jiki. A gaya wa likita ya canza, kada a daina don an ga sauƙi, ciwon kan dawo.

Babbar matsalarmu a nan ita ce harshe. Likita da kunne yake gano wannan ciwo, ba da gwajin jini ba, yaronmu kuma Hausa kawai yake ji. Don haka muna roƙon kowane zango, da sanin Sarkin Hausawa, ya ware mutum biyu, namiji da mace, masu jin Turanci ko Yarabanci kuma masu riƙe sirri, waɗanda za su riƙa raka mara lafiya asibiti. Kuɗin motar da muke tarawa ya fara tafiya can.